Rahoto Daga Bronx: Abin Da Ƙuri'ar Majalisar Jiha Take Saya Wa Talaka A New York

Yaya, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kai da iyali da sauran mutanen gida kuna cikin ƙoshin lafiya, amin. Ka nemi in rubuto maka dalla-dalla yadda ake zaɓen 'yan majalisar jiha a nan New York, da kuma abin da talaka yake samu a ciki idan aka kwatanta da namu na Kano. Zan kafa bayanina a kan zaɓen ranar Talata 5 ga Nuwamba 2024, wanda duniya ta ɗauka na shugaban ƙasa ne kawai, alhali kuwa a kan takarda ɗaya muka zaɓi wakilanmu na jiha.

Sai ka fara cire tsarin gida daga ranka. A Kano majalisa ɗaya ce mai kujeru 40, amma a nan jiha tana da majalisu biyu kamar yadda tarayya take da su a Abuja, wato ta dattawa mai kujeru 63 da ta wakilai mai kujeru 150, dukansu suna zama a Albany, babban birnin jihar. Jihar Nebraska ce kaɗai a Amurka take da majalisa ɗaya irin tamu. Wa'adin ɗan majalisar wakilai shekara biyu ne, yana wakiltar mutane kimanin 134,000, kuma albashinsa dala 142,000 ne a shekara tun daga 2023, wanda babu 'yan majalisar wata jiha a ƙasar nan da suke karɓar kamarsa. Shugaban majalisar wakilan, Carl Heastie, ɗan Bronx ne, wato yankinmu na birnin New York, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe wannan kujera, tun 2015.

Ta fuskar sauƙin kaɗa ƙuri'a, gaskiya sun yi mana nisa. Babu katin zaɓe na dindindin da mutum zai yi ta sintiri ofis yana nema. Da zarar ɗan ƙasa ya yi rajista, sunansa ya shiga kundi ke nan. An buɗe zaɓen wuri tun ranar 26 ga Oktoba har zuwa 3 ga Nuwamba, kwana tara cur haɗe da Asabar da Lahadi, wanda kuma ya fi son a aiko masa da takarda gida ta gidan waya yana iya nema ba tare da ya kawo wani uzuri ba. A ranar zaɓen kanta rumfuna suna buɗe daga ƙarfe 6 na safe zuwa 9 na dare. Ba a hana zirga-zirga, ba a rufe kasuwa, jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas suna aikinsu, kuma ban ga soja ko ɗaya a kan titi ba. Rumfarmu a zauren wasanni na wata makaranta take. Wata dattijuwa ta tambayi sunana da adireshina, ta juyo mini da ƙaramar kwamfutar hannu na sa hannu a kai, ta ba ni doguwar takarda mai rubutun Turanci da Sifaniyanci. Na koma wani teburi mai shinge na cike 'yan ƙananan da'irori da biro, sannan na zura takardar cikin na'ura da hannuna, ta haɗiye ta, ta nuna an ƙirga. Ko shayin da na bari a mota bai huce ba na fito. Ka tuna yadda kuka yini a rana ranar 18 ga Maris 2023 kuna jiran na'urar BVAS ta gane yatsa, sannan kuka tsaya gadin akwati har dare.

Ka tambaya musamman ko ana raba wani abu. Ba a raba shinkafa, ba taliya, ba atamfa, ba sabulu. Abin da yake cika akwatin wasiƙarmu shi ne takardu masu sheƙi ɗauke da hoton ɗan takara, waɗanda yawancinsu kwandon shara suke ƙarewa, sai kuma matasa masu ƙwanƙwasa ƙofa da yamma. Kyauta ɗaya da na samu ita ce 'yar sitika da ake manna wa mutum a riga don a san ya yi zaɓe. Abin da zai ba ka mamaki shi ne ɗan takara ne yake roƙon kuɗi a wurin mai zaɓe. Daga zaɓen 2024 jihar ta fara ninka ƙananan gudummawa, daga dala 5 zuwa 250, da mazauna mazaɓa suka ba ɗan takararsu, har dala 50 ta farko ana ƙara masa dala 12 a kan kowace ɗaya daga asusun gwamnati.

To, idan ba a raba komai, me mutum yake samu? Yana samu a kuɗin haya da albashi da kuɗin cefane, domin a Albany ake yanke yawancinsu. A 2019 majalisun biyu suka yi dokar da ta hana mai gida karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar wata ɗaya, ta kuma taƙaita kuɗin binciken mai neman haya a dala 20, da tarar jinkirin biya a dala 50 ko kashi 5 cikin ɗari na hayar, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Kai da ka san yadda ake neman kuɗin shekara guda ko biyu a dunƙule, ga kuɗin dillali ga na lauya, za ka gane nauyin wannan doka. Sai dai kada ka ɗauka muna cikin daula, domin hayar wata ɗaya ta ɗaki da falo a unguwarmu takan cinye fiye da rabin abin da ƙaramin ma'aikaci yake samu. Mafi ƙarancin albashi a birnin nan dala 16 ne a awa a 2024, ya koma 16.50 a Janairun 2025, kuma a cikin kasafin kuɗin jiha aka amince da wannan ƙari. A shekarar 2019 ɗin dai aka ba wa mazauna jihar damar samun lasisin tuƙi ko da takardunsu na zama ba su kammala ba, abin da ya share wa 'yan uwanmu da dama hawaye. Har ledar cefane majalisa ce ta hana ta daga 2020, yanzu ko dai ka tafi da jakarka ko ka biya senti 5 a ba ka ta takarda. Akwai ma dokar 2005 da ta wajabta wa masu sayar da abinci da sunan halal su yi rajista da hukuma, wadda mu masu sayen nama a shagunan unguwa muke amfana da ita. Ba duka dokokin ne suke yi mana daɗi ba: dala 9 da aka fara karɓa ranar 5 ga Janairu 2025 daga motocin da suke shiga tsakiyar Manhattan, wato cibiyar birnin, wadda direbobinmu suke ta ƙorafi a kanta, ita ma daga majalisar nan ta samo asali.

Kowane ɗan majalisa yana da ofis a cikin mazaɓarsa, galibi shago ne a bakin titi da aka mayar ofis, babu ɗan sanda a ƙofa, babu 'yan jagaliya. Da sanyin bara na'urar ɗumama gidan da wata maƙwabciyarmu take haya ta lalace, mai gidan ya yi kunnen ƙashi, ga ta da ƙananan yara. Ma'aikaciyar ofishin wakilinmu ta zaunar da ita, ta rubuta ƙorafin, ta kira hukumar gidaje a gabanta, ta kuma haɗa ta da lauyoyin da ba sa karɓar kuɗi. Ba wanda ya tambaye ta jam'iyyarta, balle ko tana da ƙuri'a, kuma ba ta da ita. Amma da kuɗin asibiti ko na suna ta je nema, da hannu rabbana za ta dawo. A nan nake ganin ɗan majalisarmu na gida yana ɗauke da wani nauyi da na nan bai sani ba, domin shi ne asibiti, shi ne makaranta, shi ne banki ga mutanen mazaɓarsa, kuma wannan nauyi ne yake ba shi hujjar yin abin da ya ga dama da dukiyar jama'a.

Kada kuma wannan yabo ya sa ka ɗauka siyasarsu tsarkakakkiya ce. Sheldon Silver, wanda ya shugabanci majalisar wakilan jihar daga 1994 zuwa 2015, kotu ta same shi da laifin cin hanci, kuma yana cikin zaman hukuncinsa ya mutu a 2022. Kasafin kuɗin jihar, wanda ya haura dala biliyan 200, ya kamata a kammala shi kafin 1 ga Afrilu, amma sau da yawa yana makara, kuma gwamna da shugabannin majalisun biyu ne suke ƙulla shi a bayan ƙofa, sauran wakilai su ɗaga hannu. Babban aibin a wurina shi ne rashin hamayya. Jam'iyyar Democrat tana da kujeru sama da 100 cikin 150, kuma a mafi yawan mazaɓun Bronx ba a ko tantamar wanda zai ci a Nuwamba, har wasu 'yan majalisa suna komawa ba tare da abokin karawa ba. Ainihin zaɓen shi ne na fidda gwani a watan Yuni, wanda a 2024 aka yi ranar 25 ga wata, kuma sai wanda ya yi rajista da jam'iyya yake da damar shiga, mai son sauya jam'iyya kuwa sai ya yi hakan kafin 14 ga Fabrairu ya wuce. Rumfunan Yuni kusan wayam suke. Mutanen da aka kawo wa akwati har ƙofar gida ba sa fita, ku kuma da kuke shan rana da barazana kuna fita, sannan a gida ma daliget ne suke zaɓa muku ɗan takara.

Mutanenmu na Afirka ta Yamma suna da yawa a Bronx, Hausawan Ghana da na Nijar da namu na Najeriya, masallatanmu cike suke ranar Juma'a, amma ƙalilan ne daga cikin masu takardar ɗan ƙasa suka san da zaɓen Yuni. Charles Fall, wanda iyayensa 'yan Gini ne, ya shiga majalisar wakilai daga Staten Island, wani yankin na birnin New York, a zaɓen 2018, kuma ta ƙofar fidda gwani ya bi. Shi ya sa muka fara tunatar da juna bayan sallah cewa kowa ya duba rajistarsa da jam'iyyarsa tun kafin Fabrairu.

Ka rubuto mini ko wakilinku yana da ofis a mazaɓa da ake samun mutum a ciki, da kuma wace doka ya taɓa gabatarwa tun da aka rantsar da shi. A gaishe mini da Inna da kyau, a ce ina neman addu'a.

Ƙaninka, daga Bronx.