Na gwada yaran nan masu haɗa mutum da mai gyara ta waya

Jama'ar Damagaram, waɗanda suka dame ni da tambaya kan yaran nan biyu da suka buɗe harkar haɗa mutane da masu sana'a, to na gwada su har sau uku, ga abin da na gani.

Farkon abin firigona ne ya tsaya cak ana tsakar zafin watan Afrilu, ni kuwa ƙanƙara da zoɓo nake saidawa, kun san in firigo ya kwana biyu bai aiki to jari ya narke. Ɗiyar yayata ta turo min lambarsu tace Inna ki gwada waɗannan, ƴan jami'ar André Salifou ne. Na ɗauka zan ga wani babban shafin intanet, ashe ba komi sai WhatsApp Business, wanda kyauta ake saukewa, sun jera sana'o'i cikin katalog ɗinsa da hotuna: mai gyaran firigo, mai wuta, mai fanfo, tela, magini, har mai koyar da yara a gida. Na aika vokal tunda ni rubutun Faransanci ba ya min daɗi, kafin in gama wanke robobi an maido min da mutum uku, kowa da hotonsa da unguwarsa, ɗaya Birni ɗaya Zango ɗaya Garin Malam. Na zaɓi na Zango don shi ya fi kusa.

Kwatancen gida ne ya so ya ba mu wahala, mu da ba lambar gida gare mu ba. Yaron yace Hajiya ki turo lokalizasiyo, ban iya ba, ƙarshe dai tsohon yayi muka koma, bayan masallaci ka sha kwana, ƙofa shuɗiya kusa da mai tuyar ƙosai. Mai gyara ya iso kan babur da ƴar jakar kayan aikinsa, ya juya firigon ya kasa kunne, yace injin lafiya lau, ɗan abin da ke tada shi ne ya ƙone saboda wutar da ke zuwa tana ɗaukewa. Dala ɗari na dubawa, jaka 6 gyara da kaya, kuma kuɗin da aka faɗa min a waya shi na biya, babu zancen a ƙara na mai. Wannan kam ya burge ni.

Daga baya na tsare ɗayansu da tambaya, nace ɗana da nawa kuka fara? Yayi dariya yace wayarsa ce da kuɗin forfe da kuɗin kabu-kabu, sati uku suna zagaya Kasuwar Dole da garejoji suna rubuta sunayen masu sana'a, kuma ba sa saka mutum sai an samu wani babba a unguwarsu da ya tsaya masa. Wai wani ya nemi ya ƙera musu aplikasiyo kan kuɗi masu yawa suka ƙi, don rabin masu gyaran nasu ƙaramar waya mai maɓalli gare su, kira kawai suke ɗauka. Ni dai na ga hankali a nan. Fiverr, shafin intanet ɗin nan na haɗa mutum da mai aiki da ake ta ba da labari, da aikin dala biyar ta Amurka ya fara a 2010, yana cire kashi 20 cikin ɗari daga mai aiki, su kuma waɗannan kashi 10 suke karɓa la'ada, ta Nita ko Airtel Money ko ma hannu da hannu.

Amma fa ba duka ne zuma ba. Mai fanfon da suka turo min karo na biyu sai da ya kwana biyu bai zo ba, da ya zo kuma babu ruwa a layinmu balle a gwada aikin, sai tsakar dare da ruwa ya zo muka tarar yana ɗiga. Na kira da faɗa, yaron ya ba ni haƙuri har da Allah ya huci zuciyarki Hajiya, washegari suka sa ya dawo ya sake ba tare da na ƙara ko dala ba. Kuma bayan isha'i kar ma ka wahalar da kanka, ba mai amsawa, su biyu ne rak kuma suna da karatu.

Abin da nake ji musu tsoro kuwa ni kaina na aikata shi. Mai firigon nan na karɓi lambarsa, da abin ya sake ɗan ciwo shi na kira kai tsaye, yaran ba su samu ko sisi ba. Na faɗa musu gaskiya, ɗayansu yace sun sani, shi ya sa yanzu in ta hannunsu aka bi suna tsaya wa aikin har kwana 7, in ka zagaye su kuwa kai da mai gyaranka. Telar da zata ɗinka wa yara kayan salla ta hannunsu na bi, tace ranar Laraba, zan dawo in faɗa muku ko ta cika.