Na sa wa motata manyan birki, ga abin da na gani bayan wata takwas

Tun da na canza birkin motar nan duk wanda ya hango jan kalifa yana leƙowa ta tsakanin rim sai ya tsayar da ni, wai ya yake, yana kamawa kuwa, kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Kalifan birki fa nake nufi, ƙarfen nan da yake rungume da faifai yana matse shi, ba na littafin tarihi ba. To yau dai bari in amsa gaba ɗaya in huta, kuma ba zan faɗi sunan kamfanin da na saya ba don kar a ce talla nake yi ko ɓatanci, domin akwai yabo akwai kuma ƙorafi.

Abin da ya kai ni tun farko tsoro ne, ba gayu ba. Na shiga filin tsere ranar da ake barin masu motocin gida su zaga, zagaye na farko lafiya, na biyu lafiya, a na biyar ina fitowa daga doguwar miƙaƙƙiyar hanya kwana tana gabana na taka birki sai na ji feda ta tafi luuu kamar na taka soso, sai da na ɗaga ƙafa na sake bugawa sau biyu kafin motar ta yarda ta rage, wallahi gumin da ya keto min a cikin hular kwano ni kaɗai na sani. Da na fito na tsaya wani irin ƙauri ne yake tashi daga tayoyin gaba, faifan ya yi shuɗi-shuɗi. A lokacin ban san cewa mutuwar birki iri biyu ba ce. Idan feda tana nan da ƙarfinta amma mota ta ƙi tsayawa, fad ne, wato takalmin birkin da kalifa yake matsawa a jikin faifai, ya yi zafin da ya wuce ƙarfinsa. Idan kuwa feda ce ta nutse ƙasa to man birki ne ya tafasa ya yi kumfa, shi kuma tururi yana matsuwa ba kamar ruwa ba. Nawa na biyun ne, kuma ku riƙe wannan don zan dawo kansa.

Kayan da na ɗauka na gaba ne kawai. Faifai mai faɗin milimita 355 da kaurin 32, mai gida biyu wato zoben da fad yake gogawa na ƙarfen zubi ne, tsakiyar da ake ɗaurawa a kan hob, wato inda taya take ɗauruwa, kuma alminiyam, sai kalifa mai fistin shida, uku ta ciki uku ta waje, da fad ɗinsa da tiyo mai saƙar waya da birakit. Na asalin motar fistin ɗaya ne tal, irin wanda yake zamewa a kan fil biyu ya janyo ɗaya ɓangaren. Da na buɗe kwali na ɗauki kalifan na yi mamaki, ya fi tsohon girma nesa ba kusa ba amma a hannu bai kai shi nauyi ba. In ka leƙa ciki za ka ga fistin ɗin ma ba girmansu ɗaya ba, ƙarami a inda faifai yake shigowa babba a inda yake fita, an yi haka ne don kar fad ya ci a karkace. Aikin dai tsaf, ba abin kushewa a nan.

Wahalar a wajen ɗaurawa take. Rim ɗina inci 17 ne, ko kusa bai shiga ba, dole na koma 18, kuma ba faɗin kaɗai ake dubawa ba har da yadda ƙafafun rim ɗin suka lanƙwasa, don akwai rim mai inci 18 da zai daki fuskar kalifa. Kamfanonin kirki suna ba da zanen takarda da za ka buga ka manna a kwali ka yanke ka gwada a cikin rim kafin ka biya, ni da ganin ido na yi kuma na ji a jikina. Safaya taya ma yanzu ba ta shiga gaba, in tayar gaba ta yi faci sai na cire ta baya na kawo gaba sannan in sa safaya a baya, aiki biyu a bakin titi. Babu wanda ya faɗa min wannan kafin in saya.

Sai kuma abin da ya kusa haɗa ni da bakanike. Faifan nan akwai na dama akwai na hagu, saboda fukafukan da ke tsakiyarsa a lanƙwashe suke, suna jan iska daga tsakiya su watso ta waje kamar fanka, in ka juya shi iskar ba za ta bi yadda ya kamata ba. Shi kuma ya kalli tsagar da ke fuskar faifan ya yanke hukunci da ita, har ya fara ɗaure noti. Na ce Malam dakata, duba kibiyar da ke jiki. Ya ce ranka ya daɗe shekara nawa ina wannan aikin, na ce na yarda amma dai duba. Ya juya faifan ya leƙa gefensa ya yi shiru, can ya ce yaro kawo ɗayan. Ban ga laifinsa sosai ba, yawancin motocin da yake taɓawa faifansu ko ta ina ka sa daidai ne. Amma a sauran aikin ya burge ni, ya kankare tsatsar fuskar hob tas da burushin waya kafin ya ɗora faifai, ya datse farantin nan na baya mai tare ƙura da yake gogar sabon, ya tabbatar bakin cire iska yana kallon sama, kuma da yake kowane kalifa baki biyu gare shi sai da ya bi su duka har kumfa ta daina fitowa.

Bayan nan akwai zaunar da fad, wanda mutane da yawa suke tsallakewa. Ka samu hanyar da ba kowa, ka kai gudun kamar kilomita 100 a awa ka taka da ƙarfi ka sauko wajen 15 ba tare da ka tsaya cak ba, ka maimaita sau takwas zuwa goma, sannan ka yi ta tafiya ba birki har ya huce. So ake fad ya shafa wa faifai siririn shimfiɗa daidai wa daida. In ka tsaya ka danne feda alhali faifai na da zafi fad zai bar tambarinsa a wuri ɗaya, gobe sitiyari ya fara rawa in ka taka, ka ce faifai ya lanƙwashe, alhali sau da yawa ba lanƙwasa ba ce.

To yanzu babbar tambaya, motar ta fi saurin tsayawa? A taka ɗaya, a'a. Na san wannan zai ɓata wa wasu rai. Na gwada a wuri ɗaya da gudu ɗaya kafin da bayan canji, da irin taya ɗaya, inda na tsaya kusan nan ne dai. Dalili kuwa tsohon birkin ma yana da ƙarfin da zai sa ABS, na'urar nan da ke hana taya kullewa, ya fara bugun ƙafarka, kuma da zarar ABS ya shigo to an kai iyakar abin da taya za ta iya riƙewa a kwalta, ko fistin ashirin ka sa ba abin da zai ƙaru. Taya ce take tsayar da mota, birki taya yake tsayarwa.

Inda kuɗina ya fito shi ne a taka ta goma da ta ashirin. Birki ba abin da yake yi illa mayar da gudu ya zama zafi, kuma lissafin ba ya tafiya a miƙe, in ka ninka gudu biyu zafin ninki huɗu yake yi. Mota mai kilo 1,500 da ke gudun kilomita 200 a awa, zafin da za ta zubar kafin ta tsaya zai iya kai ruwa kusan lita 7 ga tafasa, a cikin 'yan daƙiƙu, kuma mafi yawansa a gaba yake sauka tunda nauyi gaba yake rinjaya in an taka. Babban faifai yana da jikin da zai shanye wannan zafin da kuma filin da zai fitar da shi kafin kwana ta gaba, ga shi kalifa yana kama shi nesa da tsakiya kamar ka ƙara wa sifana tsawo. Da na koma filin na yi minti ashirin cur ina zagawa, feda tana nan inda na bar ta, tauri ɗaya tsayi ɗaya, har na fara jinkirta taka birki saboda na yarda da shi. Wannan natsuwar ita na saya. Dama can tarihin birkin faifai ke nan, a 1953 Jaguar ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa da motarta C-Type mai birkin faifai na kamfanin Dunlop lokacin da abokan hamayya suke fama da na ganga, wanda yake riƙe zafi a cikinsa.

A titi kuma abin da na fi ji shi ne feda ta zama mai jin magana, kaɗan ka ƙara kaɗan ta ƙara. Amma a kula, wannan sai in an yi kayan don motarka takamaimai. Yawan fistin ba shi ne ƙarfi ba, jimillar faɗinsu ce, kuma in ta wuce abin da masta, wato famfon da feda take dannawa ya tura man birki, zai iya turawa feda za ta yi tsawo, gaba ya kwashe aikin duka baya ya zama ɗan kallo, sai ka ga mota ta ƙara nisan tsayawa a kan na da. Shi ya sa nake tsoron masu ɗauko kalifan wata babbar mota su yi masa birakit a wajen mai walda. Sanannun masu yin abin irin su Brembo ta Italiya da AP Racing da Alcon na Ingila da Wilwood ta Amurka mota-mota suke fitar da nasu. Su kuwa masu manna jan murfin roba a kan tsohon kalifa, Allah ya shirya.

Ƙorafina? Ƙura. Kwana biyu da wanki rim ya koma baƙi. Da safe kafin ya ɗumama yana ƙiiii a gosulo har mutane su waiwayo, kuma takun farko ba ya cizo kamar na asali, wannan halin fad ɗin da na zaɓa ne. Faifan mai gida biyu yana ɗan kacau-kacau a kan gargada in yana da sanyi tunda an bar masa wurin buɗewa in ya yi zafi, na saba amma duk wanda na ɗauka sai ya ce wani abu ya kwance. Ni faifai mai tsaga na ɗauka ba mai huji ba, mai huji ya fi kyau a ido amma in ana gasa shi a fili yakan fara tsagewa daga bakin hujin.

Na ce zan dawo kan man birki. Abin da ya tafasa min ran nan tsohon mai ne da ya shekara uku a motar, kuma man birki yana zuƙar danshi daga iska. Man birki mai lamba DOT 4 sabo aƙalla sai digiri 230 yake tafasa, in ya sha ruwa ma'auninsa 155 ne kacal, DOT 5.1 kuma 260 da 180. DOT 5 zalla na silikon ne, ba a haɗa shi da sauran. Wato da na zuba sabon mai mai jure zafi, na sa fad na fili da tiyo mai waya a kan tsohon birkin, mai yiwuwa da matsalar ranar ta kau ba tare da na canza ko rim ba. Wanda motarsa ba ta wuce titi da ɗan taka totur jefi-jefi, ni dai shawarata ya fara da waɗannan da taya mai kyau. Wanda yake shiga fili a kai a kai, ko ya ƙara wa inji ƙarfi, ko ya gwada waɗancan birki ya ci gaba da mutuwa, shi ne zai ji daɗin abin da na ji.

Satin da ya wuce na cire taya na auna, fad ya ci kusan rabi kuma daidai ya ci sama da ƙasa, faifai bai kusanci mafi ƙarancin kaurin da aka buga a jikinsa ba tukuna. In ya kai, zoben kawai zan canza in bar tsakiyar. Yanzu tayoyin ne suka fara nuna gazawa, su ne na gaba a layi.