Bututun da ya fashe da inshorar kwamfutocinmu a Ingila

'Yan'uwa na gida, ina gaisuwa. Maganar inshora nake so mu yi yau, saboda abin da ya sami ofishinmu na zane da ɗab'i a nan Manchesta.

Sanyin hunturu a ƙasar nan yana daskarar da ruwa a cikin bututu har ya tsaga shi. Na benen da ke samanmu ne ya fashe cikin dare, ruwa ya kwana yana zuba ta silin. Da safe muka tarar da kwamfutocin zane, da babbar firinta, da na'urar da muke tara ayyukan abokan ciniki, duk sun jiƙe sharkaf. Garantin masu ƙera su bai tsinana mana komai ba, domin shi matsalar ƙira kawai ya sani. Ambaliya, gobara da sata ba sa cikinsa.

Inshorar kayan ofis ce ta tsaya mana, kuma a nan na sha mamaki. Iri biyu ce. Wata tana biyan ka darajar kayan a ranar da suka lalace, bayan an cire tsufansu, kuma kun san yadda darajar kwamfuta ke saurin faɗuwa. Wata kuwa sabo take ba ka a madadin tsoho. Wannan ta biyun muke da ita. Tsoffin kwamfutocin da ko rabin kuɗinsu ba za mu samu a kasuwa ba, sai ga sabbi masu ƙarfinsu an kawo mana a kwali. Ban nemi alfarmar kowa ba, ban san kowa a kamfanin ba.

Amma kafin a kai nan an sha wuya. Ka kira waya, na'ura ta yi ta juya ka, ana sa maka kiɗa kana jira. Sannan suka turo mai ƙiyasta asara. Mutumin nan ya tambaye ni rasidin kowace na'ura, ya duba lambar da ke jikinta ya gwada da ta takarda, ya ce yaushe aka saya, me ya sa wannan take ƙasa ba a kan tebur ba. Wallahi raina ya ɓaci, ji na yi kamar ana tuhumata da ƙarya alhali ni aka yi wa ɓarna. Rasidan nan da muka adana su ne suka rufe masa baki.

Akwai kuma kason farko na asarar da kai za ka ɗauka, su biya sauran. Ayyukan da ke cikin na'ura ba sa cikin lissafin ƙarfe, sai in ka sayi kariyarsu daban. Haka cinikin da ka rasa kana zaune babu kayan aiki. Haka kwamfutar tafi-da-gidanka da ka fita da ita waje, kuma in ka bar ta a fili cikin mota aka sace, da wuya su saurare ka. In ka rage darajar kayanka don kuɗin inshora ya yi sauƙi, su ma sai su rage abin da za su biya daidai gwargwado. Da lokacin sabuntawa ya zo kuɗinmu ya hau, ga harajin gwamnati na kashi 12 cikin 100 a kai.

Abin da ke sa mutane amincewa shi ne akwai wajen kai ƙara. Kamfani na da mako 8 ya amsa kokenka. In bai gamsar da kai ba, akwai hukumar sasanta rikicin harkokin kuɗi da ke sauraron ƙananan 'yan kasuwa kyauta, kuma in ka karɓi hukuncinta dole kamfanin ya bi.

Duk da haka ranar nan na yi kewar gida ƙwarai. Ina tsane ruwa ni kaɗai, maƙwabta na wucewa, babu wanda ya leƙo ya ce sannu. Da a cikinku nake, da hannaye sun yi yawa a kan aikin.

Sai dai sannu ba ta sayen kwamfuta. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: mutum zai zuba jarinsa kaf a kan na'urori, bai karɓi rasidi ba, bai rubuta lambar ko ɗaya ba, bai ajiye kwafin ayyukansa a wani waje ba. Wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona komai, ya koma neman rance. In ka ce inshora, a ce ai haramun ce, a rufe zancen. To akwai takaful, wato inshorar Musulunci, wadda aka gina kan taimakekeniya ba tare da kuɗin ruwa ba. Sudan ta fara ta a 1979, Malesiya ta yi mata doka a 1984, hukumar NAICOM mai kula da inshora a Najeriya ma ta fitar da ƙa'idojinta a 2013.

Su ma kamfanonin namu da laifinsu. Wajen karɓar kuɗi da fara'a, wajen biya sai yawo da hankali, shi ya sa mutane suka guje su. Wanda zai shiga, ya sa a nuna masa a rubuce ko ƙonewar da hauhawar wutar lantarki ke jawowa tana ciki, domin takardun inshora da yawa suna cire ta, alhali tana yawan kashe mana kwamfutoci.