Gidan katako da gidan bulo a tsofaffin biranen Ingila

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya tambaya me ya sa ake ganin gidaje iri biyu a hotunan tsofaffin biranen Ingila: masu baƙaƙen katakai a jikin farin bango waɗanda benensu ya turo kan titi, da kuma na bulo masu miƙaƙƙiyar fuska da tagogi a jere. A ganina, gobara da dokokin da suka biyo bayanta ne suka raba su.

Na katako shi ne ya girme. Magina kan haɗa ƙashin gidan da manyan katakai, su cike tsakaninsu da saƙaƙƙun ƙirare, sannan su yaɓe da laka mai haɗe da ciyawa. Kowane hawa yakan ɗara na ƙasansa faɗi, domin a ƙara ɗaki a sama inda fili ya yi ƙaranci, kuma ruwan sama ya rage dukan bangon ƙasa. Kanti yana ƙasa, iyali suna sama. Ginin Staple Inn da ke Landan, wanda aka gina a 1585, da layin mahauta na Shambles a York, inda benaye suka kusa haɗa kai, suna nan har yau. Yawancin baƙin fentin nan kuwa daga baya aka shafa shi, a zamanin Sarauniya Biktoriya.

A 1666 gobara ta yi kwana huɗu tana cin Landan, ta lashe gidaje fiye da 13,000. Dokar 1667 ta wajabta gini da bulo ko dutse, ta 1707 ta hana katakon bakin rufi, don haka aka ɗaga bango ya zama rawanin da ya ɓoye rufin, ta 1709 kuma ta ce a shigar da katakon taga ciki da inci 4. Daga nan gidan zamanin sarakuna Joj, 1714 zuwa 1830, ya samo kamanninsa, irin na dandalin Bedford Square da ke Landan. A birnin Bath da dutse aka yi, kamar gidaje 30 na Royal Crescent da aka kammala a 1774.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda fuskar gidan zamanin sarakuna Joj take faɗin matsayin mazauna cikinsa. Kicin yana ƙarƙashin ƙasa da ƙofarsa ta daban, falon baƙi yana benen farko inda tagogi suka fi tsayi, suna raguwa har zuwa ƙananan ɗakunan barori a can ƙololuwa. Idan ka ga taga a toshe da bulo, sau da yawa don gudun harajin taga ne, wanda aka karɓa bisa yawan tagogin gida daga 1696 zuwa 1851, ko da yake wasu tun farko a toshe aka gina su don jerin ya daidaita.