Aikin gida da motsa jiki: wanne ne ke hana gwiwa gajiya?

'Yar uwa da ta tambaya, kin ce tun asuba kina tsaye, shara, wanki, girki, amma in kin hau bene cinyoyinki rawa suke, kuma tashi daga sujada sai kin dafa ƙasa, wai ba aikin gidan nan shi ne motsa jikin ba? Gaskiya ba ɗaya ba ne, bari in jera miki su.

Aikin gida yawancinsa wuri ɗaya ake yi. Ki duba wanki, kina kan kujera 'yar tsugunno gaban baho awa guda ko fi, gwiwa a lanƙwashe, ƙoƙon gwiwa na danne da ƙashin cinya, tsokar kuma a ƙage take ba ta miƙewa ba ta dawowa, shi ya sa in kin miƙe sai kin ɗan tsaya riƙe da ƙugu kafin ki iya taku. An gajiyar da ita ne kawai, ƙarfi bai ƙaru ba. Mai zaman shago ko ofis ita ma tata tsokar laushi take don ba a sa ta aiki.

Shi kuwa motsa jiki tsokar gaban cinya yake nema, wadda ke riƙe gwiwa duk takun da kika yi. Tana aiki, ta huta, ta sake, a haka take ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 a sati, wato tafiya da ɗan sauri minti 30 kwana 5, sai atisayen ƙarfafa tsoka kwana 2. Ni wannan na biyun nake so ki riƙe, don mu mata shi muke bari, alhali bayan ɗaukewar al'ada ciwon gwiwa ya fi kama mu a kan maza. Ki zauna a kujera mai tsayi ki miƙe ba dafawa sau 10, ki huta, ki maimaita. Satin farko cinya za ta yi tsami, kar ki tsorata.

Wankin kuma ki ɗora bahon kan benci, ki riƙa miƙewa tsakani. In akwai ƙiba, kilo 1 da ya ragu yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku.

Amma fa in gwiwar ta kumbura, ko ta ɗau zafi, ko tana maƙalewa, wannan ya wuce gajiya, don Allah ki je asibiti a duba kafin ki fara komai.