Saƙo daga Bangalor: yadda ake ciniki a nan, da maganar kwamfutar shagonka

Assalamu alaikum, Yaya. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da iyali gaba ɗaya. Ka tambaye ni abu biyu: ko gaskiya ne a Indiya an daina riƙe kuɗi a hannu, da kuma ko ya dace ka sa kwamfuta a shagon Singa kamar yadda yaranka suke ta matsa maka. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta, kuma na san 'yan layinku za su so su karanta.

Ba a daina riƙe kuɗi ba. Takardun rupi suna nan suna yawo, musamman a ƙauyuka da hannun tsofaffi. Amma a cikin Bangalor mutum zai iya yin mako bai taɓa takarda ba. Mai shayi, mai ɗanyar kwakwa, mai gyaran takalmi a gindin bishiya, kowa da 'yar takardarsa mai zanen lambar QR a maƙale. Ka ɗaga waya ka haska, sunan mai kayan ya fito, ka rubuta adadi, ka sa lambar sirri, shi ke nan. Ko shayin rupi 10 haka ake biya, ba wanda zai kalle ka.

Sunan tsarin UPI. An fara shi a 2016, kuma ba mallakar banki ɗaya ba ne ko kamfani ɗaya. Wata hukuma ce mai suna NPCI take riƙe da shi, wadda babban bankin ƙasar da ƙungiyar bankuna suka kafa. Kamar kwalta ce da aka shimfiɗa, kowa ya hau da motarsa: PhonePe, Google Pay, Paytm da manhajojin bankuna duk a kanta suke gudu. Idan takardar mai shago ta PhonePe ce ni kuma Google Pay nake da shi, ba matsala, kuɗin daga asusuna na banki suke fita su faɗa nasa kai tsaye. A watan Agustan 2023 aka fara haura ciniki biliyan 10 a wata guda ta wannan hanya, zuwa Agustan 2025 kuma an kai biliyan 20.

Kada ka ɗauka mu a gida ba mu da komai. Tiransifar da ke shiga nan take tsakanin bankunan Najeriya tun 2011 aka fara ta, shekara biyar kafin UPI.  Inda suka wuce mu shi ne wajen sa ƙaramin ɗan kasuwa ya saki jiki da abin, kuma na lura ba da wa'azi aka yi ba, da wasu ƙananan abubuwa ne da suka cire masa tsoro.

Akwai wata dattijuwa da nake sayen kayan miya a wurinta a Shivajinagar, unguwar da Musulmi suke da yawa, inda muke samun naman halal. Hannunta kullum a jiƙe yake da ruwan wanke ganye, ga mutane uku huɗu a kanta, ba ta da lokacin ɗaukar waya, kuma ba ta karanta Turanci. A gefen sikelinta akwai wani ɗan akwati mai lasifika, bai kai girman ƙaramar rediyo ba. Da zarar ka biya sai akwatin ya yi magana da ƙarfi da harshen Kannada na mutanen nan, ya faɗi adadin da ya shigo. Ko ɗaga kai ba ta yi, ta ji rupi 60, ta miƙo maka ledarka, ta juya ga na gaba. Ba ta duba fuskar wayarka, don haka mai son nuna mata hoton alat na bogi ba shi da ta yi. Kamfanin Paytm ne ya fara yaɗa waɗannan akwatuna, sauran suka biyo baya, ana biyan ɗan kuɗin haya a wata. Duk lokacin da na tsaya a gabanta sai na tuna yadda kake tsare kwastoma a bakin shago ana jiran alat, shi yana jin an zarge shi, kai kana tsoron asara, ga kaya an riga an ɗora a kura.

Sai maganar caji. Tun farkon 2020 gwamnatinsu ta hana a cire wa ɗan kasuwa ko sisi a kan cinikin UPI daga asusu zuwa asusu. Ka sayar da kayan rupi 100, rupi 100 za ka gani. Mai saye ma ba a cire masa. Bankuna suna ƙorafi a kan haka har gobe, gwamnati tana ɗan ba su tallafi, amma wannan ne ya sa mai shayi ya yarda. Mu kuwa ga kuɗin tiransifa, ga naira 50 ta gwamnati idan kuɗi sun kai 10,000, ga na mai POS idan kana son tsaba. Mai ribar naira 200 a kan kwali dole ya yi lissafi. Haka kuma babban bankinsu ya kafa doka tun 2019: idan an cire maka kuɗi ba su isa ba, akwai wa'adin da dole a mayar maka, in banki ya wuce shi zai biya ka rupi 100 a kan kowace rana ta jinkiri. Wannan dokar ita na fi yi wa gida sha'awa.

Su ma sun sha irin wahalar da muka sha a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi. A daren 8 ga Nuwamban 2016 Firaminista Modi ya soke takardun rupi 500 da 1,000, waɗanda su ne kusan kashi 86 cikin 100 na tsabar da ke yawo. An yi dogayen layuka a bankuna, talaka ya ji jiki. Wasu suna cewa wannan ne ya koya wa mutane biya da waya. Ni a ganina tura mutane da ƙarfi ba ya zaunar da abu. Kafin nan, tun 2014, an buɗe wa talakawa asusun banki kyauta a shirin Jan Dhan, wanda yanzu ya haura asusu miliyan 500. An ba kusan kowa lambar shaida ta Aadhaar. Sannan a Satumban 2016 kamfanin Jio ya shigo ya karya farashin data. Da aka rasa tsaba, akwai wurin da za a koma, kuma da tsabar ta dawo mutane ba su bar wayar ba.

Amma ba a nan gizo yake saƙar ba, Yaya. Biyan kuɗi shi ne abin da baƙo yake gani, ribar gaske tana cikin rubutun da ke taruwa a baya. Mai kantin unguwarmu yana ba da bashi kamar yadda kake bayarwa, sai dai littafinsa a waya yake. Akwai manhajoji irin su Khatabook da OkCredit, duka a nan Bangalor kamfanoninsu suke. In ka ɗauki shinkafa da mai a kan bashi, ya shigar, nan take saƙo ya zo wayarka da jimillar abin da ake bin ka. Ƙarshen wata manhajar ce take tuna maka, ba shi ba. Ka dubi abin da wannan ya kashe: musu a kan ko an biya ko ba a biya ba, shafin da ya yage, da nauyin bakin da ke hana ɗan kasuwa tambayar surukinsa kuɗinsa. Nawa ne naka suke kwance a hannun mutane tun azumin bara saboda kunya kawai?

Manyan dillalai kuma, irin na Chickpet inda ake sarin yadi kamar Kwari, kusan duk wanda na leƙa akwai kwamfuta a lungu da yaro ɗaya a kanta, yawanci da manhajar Tally, wadda ita ma 'yar garin nan ce. Kowane bandir da ya shigo an rubuta, wanda ya fita an rubuta, rasit yana fitowa da haraji a lissafe. Tun da aka kawo harajin saye da sayarwa mai suna GST a Yulin 2017 abin ya zama kusan dole, domin kayan da suka haura rupi 50,000 ba sa hawa mota sai da takardar izini da ake cirewa ta intanet. Wani dillali ya nuna min yadda cikin minti ɗaya yake ganin wane launi ne ya kwana wata uku bai motsa ba, wane kwastoma ne ya saba jinkirin biya. Da wannan yake yanke abin da zai saro. Kuma wannan tarihin cinikin shi ake nuna wa banki a samu jari. A 2020 gwamnati ta fara ba masu talla a titi rancen rupi 10,000 ba jingina, wanda ya biya a kan lokaci a ƙara masa. Maganar kuɗin ruwa daban ce, na san matsayinka a kai, amma ko Jaiz ka je neman a saya maka kaya, abin da za su fara tambaya shi ne shaidar yadda kuɗi suke shiga suna fita.

Rubutun nan kuma yana da ɗaci. A watan Yulin 2025 hukumar haraji ta jihar Karnataka, inda Bangalor take, ta bi bayanan UPI na shekarun baya, ta aika wa dubban ƙananan 'yan kasuwa takardun neman haraji, domin dokar ta ce mai sayar da kaya da cinikinsa ya wuce rupi miliyan 4 a shekara sai ya yi rajista. Wasu ba su ma san da dokar ba, wasu kuma kayansu irin ɗanyen kayan lambu ne da ba haraji a kansu. Cikin 'yan kwanaki sai ga shaguna sun ciccire takardun QR, sun rubuta cewa tsaba kawai suke karɓa. Har an sa ranar rufe kasuwanni, sai da babban ministan jihar, Siddaramaiah, ya zauna da shugabanninsu aka janye. Na ji tausayinsu ƙwarai. An shekara da shekaru ana lallashin mutum ya shigo, ya shigo, sannan ya ga abin da ya amince da shi ya zama shaida a kansa ba tare da an taɓa zaunar da shi an yi masa bayani ba.

'Yan damfara ma suna nan. Wasu su manna tasu takardar QR a kan ta mai shago cikin dare, wasu su kira ka su ce za su turo maka kuɗi, ka sa lambar sirri. Ka'idar da ake ta nanatawa ita ce ba a sa lambar sirri don karɓar kuɗi, sai don biya. Akwai lambar waya ta ƙasa, 1930, da ake kira a kai ƙara da wuri ko a samu a tsare kuɗin. Tsarin kansa yakan tsaya. A Afrilun 2025 ya yi sa'o'i ba ya tafiya, aka yi cirko-cirko a gidajen mai da wuraren cin abinci. Shi ya sa ba na fita ba 'yan takardu a aljihu.

Sauran abubuwa a gurguje. A-daidaita-sahu, waɗanda daga nan ake kai mana su, ana kiran su ta waya. Akwai manhajar Namma Yatri da aka fara a 2022 tare da ƙungiyar direbobin, ba ta yankar kaso a kuɗin fasinja, ƙayyadadden abu direba yake biya. Tikitin jirgin ƙasa na cikin gari ta WhatsApp ake saye. Duk kayan da ke cikin leda ko kwali an buga iyakar farashinsa a jiki bisa doka, ba mai sayar maka sama da haka, wannan kuwa ya rage ciniki da ja-in-ja sosai. Akwai kuma kamfanoni irin su Zepto da Blinkit da ke kawo cefane har ƙofa cikin 'yan mintuna daga ƙananan rumbuna da suka ɓoye a unguwanni. Da sauƙi kam, amma raina bai kwanta da shi ba: masu kantin unguwa suna kukan raguwar ciniki, yaran da ke kai kayan kuma suna tsere da babura a cikin cunkoson da ya fi na Kurna.

To maganar kwamfutar. Shawarata kada ka fara da ita. Da wutar da muke da ita da ƙurar Singa, za ka kashe kuɗi a kan na'ura da batir da inbata kafin ka san me kake so ta yi maka. Ka fara da abu uku. Ka buɗe asusu na shago zalla, kada kuɗin cefane ko na biki su bi ta cikinsa. Ka sa duk tiransifa ta shiga ta na'urar POS ɗin shago wadda take nuna shigowar kuɗi da kanta, a daina duba wayar kwastoma, a daina tura wa asusun yara. Sannan ka ba yaro ɗaya mai amana aikin shigar da bashi da kayan da suka shigo da waɗanda suka fita a waya kullum kafin a rufe, kai kuma ka riƙa dubawa da kanka duk daren Juma'a, lambar sirrin tana hannunka kai kaɗai. In an yi wata shida a haka ba fashi, za ka ga da idonka inda kuɗi suke zurarewa, a lokacin ne sayen kwamfuta zai yi ma'ana. Ka kuma nemi wanda ya san haraji ya yi maka bayanin matsayin shagonka tun yanzu.

Maƙwabcin nan da ka ce zai kawo mahaifinsa asibiti, ka gaya masa UPI yana buƙatar asusun bankin Indiya da layin wayar Indiya, don haka baƙon da ya zo na ɗan lokaci ba kasafai yake samun shiga ba. Ya taho da dala ya canza a nan, ya riƙe ƙananan takardu saboda masu a-daidaita ba sa yawan samun canji. Sakamakon gwaje-gwaje kuma ta waya asibitoci suke turowa, ya tabbatar yana da layin da WhatsApp ke aiki a kai. In zai taho a haɗo ni da kuka da daddawa.

Ƙaninka, daga Bangalor.