IL-2 Sturmovik: 1946 da wahalar nutsar da jirgin ruwa

Matasan Nima da Mamobi a Accra da suka saba da wasan ƙwallo a kwamfuta ba kasafai suke waiwayar wasannin tuƙin jirgin saman yaƙi ba, galibi don suna ganin sai da kwamfuta mai tsada. IL-2 Sturmovik: 1946, wasan jiragen saman Yaƙin Duniya na Biyu wanda kamfanin 1C: Maddox Games na Rasha ya fitar a 2006, bai da wannan matsala. Tsohuwar kwamfutar cinya irin wadda ake samu a Tip Toe Lane da ke Circle tana ɗaukarsa, kuma da zarar an sauke shi daga Steam, shagon sayar da wasanni na intanet, ana iya yinsa ba tare da intanet ba.

Abin da na auna wasan da shi shi ne harin tofido, wato bam ɗin da jirgin sama ke saki a teku ya bi ƙarƙashin ruwa ya fasa cikin jirgin ruwa. A nan ne ake gane ko an yi wasan da gaske, kuma wannan ya cika mudu. Matuƙin jirgin He 111 na Jamus ko SM.79 na Italiya dole ne ya sauko dab da ruwa, ya rage gudu, ya daidaita fukafukai kafin ya saki, domin kowane tofido yana da iyakar tsawo da gudun da yake jurewa. Wanda ya ƙetare iyakar zai ga ruwa ya yi tartsatsi kawai, makamin ya lalace. Ni nakan sauko ƙasa da mita 50, inda ake ganin inuwar jirgin tana gudu a kan igiyar ruwa, harsasan bindigogin kakkaɓo jirage kuma suna wucewa ta gefen gilashi.

Babban aikin kuwa lissafi ne. Tofidon wancan zamani yana yin kusan kilomita 60 a awa, don haka idan an sake shi daga nisan mita 1,000 sai ya yi minti guda kafin ya isa. A cikin wannan minti, jirgin dakon kaya mai gudun kilomita 18 a awa ya riga ya matsa gaba da mita 300. Ke nan duk wanda ya saita tsakiyar jirgin ya yi asara, sai dai ya jefa inda jirgin zai kai, kamar yadda ake tura wa ɗan gaba ƙwallo a fili ya tarar da ita. Matsowa kusa na rage kuskuren, amma kusantar ma tana da iyaka, saboda makamin yana buƙatar ɗan tafiya a ruwa kafin ya ɗana.

Wanda ya ga an harbo shi sau da yawa kada ya ɗora wa wasan laifi. A yaƙin Midway, ranar 4 ga Yuni 1942, jiragen Devastator 41 na Amurka sun kai irin wannan hari, ba su samu jirgin ruwan Japan ko ɗaya ba, kuma shida kaɗai suka koma. A Taranto kuwa, a Nuwamba 1940, jiragen Swordfish 21 na Ingila sun yi nasara ne da dare, a kan jiragen ruwan Italiya da ke tsaye a tasha. Mai koyo ya kamata ya bi wannan sawu, ya shirya wa kansa atisaye da jirgin da ba ya motsi tukuna.

Hotunan wasan sun tsufa, kuma ba ya kama hannun sabon shiga ya koya masa lissafin nan. Da maɓallan kwamfuta kaɗai, riƙe jirgi a mita 50 azaba ce, don haka wanda ya yi niyya ya fara neman sandar tuƙi, ko da ta hannu ce, kafin ya sayi wasan.